Na'urar Dogo

Zuwa ga matar ƙanina,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Dogo.

Minsharina ya dawo. Numfashi na ɗauke mini cikin barci, jiya har gyangyaɗi na yi a kan keken ɗinki. Likita ya ce sai na'urar nan mai hura iska ta hanci. Na tuna ta marigayi tana wajenki. Ki taimaka ki aiko mini.

Yayan mijinki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Wace na'ura? Wadda ka kira takunkumin kare a tsakar gidana, har yara suna dariya? Likita ya gaya wa Dogo cewa haɓarsa ce ta shige ciki ta matse maƙogwaro, ba ƙiba ba ce. Ka ce likita bai san jininku ba, kai ma ka yi minshari, da ka zubar da tumbi ka warke, uwa ɗaya ciwo ɗaya. Mutumin da ana ƙirga haƙarƙarinsa ka sa ya rage ci! Shi kuma ba ya musu da kai. Ya mayar da na'urar cikin kwalinta, ya koma tuƙi da yunwa da barci a ido. Ni aka kira na gane gawarsa.

Ban yafe ba, kada a gaya maka na yafe.

Matar Dogo.

*

Uwar yara,

Bayan gaisuwa, na karanta. Wallahi da zuciya ɗaya na yi, abin da ya yi mini magani na ba shi. Yanzu na gane ba ɗaya ba ne. Ko nawa ma ya sauya, likita ya ce tsufa ne ya saki naman maƙogwarona, ba sauran kitsen da zan zubar. Na rame kamar tsinke. Tsoron kwanciya nake. Ki dubi Allah.

Yayanku.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na'urar tana saman durowa, sabuwa dal, kullum sai na goge mata ƙura. A nan za ta zauna.

Amma ba zan bar ka haka ba, ga maganin da ka ba mu. Ka rage ci.

Ka huta lafiya.

Matar Dogo.