Kibiyar da Na Ƙera da Cokalin Innarka

Zuwa ga aminina Buba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da Baffa da duk mutanen ruga, da fatan dabbobi sun sami ciyawa a inda kuka sauka. An ce mini kuna can tsallaken iyaka, arewa da Maigatari. Na kira lambarka har na gaji, ba ta shiga. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ɗan kasuwar shanu ya karanta maka. Mai dariya ya yi. Ban yi boko mai nisa ba, a jikin waya da tsofaffin jaridun ƙunshin tsire na koyi haɗa baƙi, wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Buba, an gama girbi a Ɗanzomo. Kowa ya yanke karansa ya ɗaure, ban da mu. Baba ya hana a taɓa ko guda, ya ce na shanunku ne, kamar yadda aka saba tun zamanin kakana da kakanka: ku sauka a gonarmu da kaka, shanu su ci kara, su bar mana taki. Bara kun tashi tun ba a yi nisa ba. Bana ba ku zo ba. Ni da kai mun san dalili.

Ka tuna cokulan Inna? Waɗanda aka kawo mata tsaraba daga Damagaram, masu zanen fure a mariƙi. Ta gwada su a wurin tallan nono, masu saye suka ƙi, ta zube mana su a gaba ta ce, "Fura da ludayi ake sha, ku kwashe ƙarfenku ku je ku yi ɓarna." Ita wasa take yi.

Kai ka koya mini aikin. Mu zauna a gindin aduwa da guntun ƙarfen layin dogon nan da na tsinto a Gagarawa Tasha, mu dake cikin cokali a kansa da guduma har ya baje, a yanke gefe da gefe ya yi tsini, a bi shi da magagari, a cusa sauran mariƙin a kyauro a naɗe da jijiya. Naka yakan fito santal. Nawa kullum sai ya karkace, ka riƙa cewa, "Kaɗo, bakinka ya fi hannunka ƙwarewa." Ni kuma in ce ɗan Fulani bai isa ya koya wa Bamange ƙira ba, bawa ai bawa ne. Mu yi ta wasanmu na Fulani da Mangawa har rana ta karya.

Ka ce in goge zanen furen da ya rage a wuyan kibiyar. Na ƙi. Na ce ranar farauta in an kayar da zomo aka fara rigimar wa ya harba, ina so a zaro kibiya kowa ya ga tawa ce. Haka kuwa aka yi ta yi. Daga nan har Sule Tankarkar babu mafaraucin da bai san kibiya mai fure ba. Ni na yi wa kaina wannan shelar.

Sai bara, da wasu baƙin shanu suka faɗa gonar waken kawuna suka yi mata kaca-kaca. Ba naku ba ne. Kowa ya sani, ni ma na sani, sawun ma gabas ya yi. Amma a teburin mai shayi wa ya fi kowa ɗaga murya? Ni. Na ce duk kanwar ja ce, na ce mai sanda mai sanda ne, makiyaya duk ɗaya suke. Ina faɗa ana tafa mini, ni kuma ina ƙara zuba kamar an kunna rediyo. Ko sau ɗaya fuskarka ba ta faɗo mini a rai ba, wallahi, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Da la'asar Lawal ɗan kawuna ya zo aron kwari da baka, wai zomo ya gani a bayan gari. Wane irin zomo, mutumin da idonsa ya kaɗa ya yi jawur? Na gane sarai. Na miƙa masa, har da cewa ya kula mini da tsirkiya.

Karsanarka ya harba, ya same ta a ciki. Jar nan, jikar saniyar da aka ba ka ranar sunanka, wadda kake kira ta taho da gudu kamar ɗiya. An ce kafin a sa mata wuƙa kai ka riƙe kanta.

Washegari ka zo ƙofar gidanmu. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ajiye ƙarfen kibiyar a kan tabarmata, jinin ya bushe a cikin zanen, ka ce, "Inna ta ce ta gane cokalinta." Ka tsaya kana jira. Kalma ɗaya kake jira, na sani. Ni kuwa da na buɗe wannan bakin nawa sai na ce, "To ni na harba?" Ka dube ni, ka gyara sandarka a kafaɗa, ka juya. Ban sake ganinka ba.

Ina jin haushin Lawal, har gobe ba na cin abinci kwano ɗaya da shi. Ina jin haushin masu tafin nan, waɗanda yanzu in an tayar da zancen sai kowa ya ce shi ranar yana kasuwa. Maƙaryata! Na je gaban mai unguwa na faɗi wanda ya yi harbin da wanda ya ba da kwari, gidan kawu suka daina amsa gaisuwata, su ta shafa. Amma duk in na gama rabon haushin, kaso mafi tsoka ni yake dawo wa. Lawal bai taɓa shan nonon Inna kyauta ba. Ni na sha.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Da safe yakan ɗauki buta ya tafi gona, gonar da babu aikin komai a cikinta, ya zauna yana kallon hanyar arewa. Masu sayen kara sun zo ya sallame su. Gara ta fara ci daga ƙasa. Rannan na ce masa ko dai a yanke kafin ya lalace, sai ya ce, "Ban taɓa cin abincin baƙo don ya makara ba." Tsoho ne, Buba, kuma ba shi ya yi muku laifi ba. Baffanka abokinsa ne tun ba a haife mu ba. Kada ku hukunta shi da bakina.

Ban ce ka yafe mini yau ba. Ku zo ku sauka a gonar, in ka ga dama ko kallona kada ka yi, zan riƙa bi ta bayan gari don kada mu haɗu. In kuwa sai ka faɗa mini abin da ke ranka tukuna, to duk ranar kasuwar Maigatari ina nan a bakin kara inda ake cinikin shanu, wajen masu igiya, daga hantsi har a watse. Ka zo ka faɗa a gaban dillalai da kowa da kowa, da Hausa ko da Fillanci, yadda ya fi maka zafi. Zan tsaya. Ba zan ce uffan ba. Ka san ni, ka san ban taɓa yi wa wani mahaluki wannan alkawarin ba.

Ka gaishe mini da Inna, in za ta amsa. In ba za ta amsa ba, kada ka matsa mata.

Allah Ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa, Ya albarkaci garkenku, Ya tsare ku daga cuta da ɓarayi da irina. Allah Ya ba Baba tsawon ran da zai ga shanunku a gonarsa. Ni kuma Allah Ya ɗaure mini harshe. Amin.

Naka, ko kana so ko ba ka so,
Sanusi, Kaɗonka na Ɗanzomo