Yaya Barau da Fitilun Motar Baba

Zango, Kwatano
18 ga Oktoba, 1992

Zuwa ga ƙanena Munzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Labiba da yara, can Gabon. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zagaya tsakar gida. 'Yata Hafsa ta shiga kolej, ta ishe mu da Faransanci, ko ruwa za ta roƙa sai ta karya harshe.

Dalilin takardar nan maganar Yaya Barau ce da tsohuwar Fijo 404 ta marigayi Baba. Tun da aka yi Konferans, babban taron ƙasa, gari ya buɗe, 'yan zemijan suka cika titi da baburansu na haya, tuƙi ya koma sai mai ido. Sati uku da suka wuce Yaya yana dawowa daga unguwar Abotru bayan magariba, ya goge ɗayansu a gindin gada. Allah Ya taƙaita, gwiwa kawai mutumin ya ɗaye. Inna ta ce ya ajiye tuƙi haka nan. Shi kuwa ya rantse fitilun gaba ne suka karkace, in ya daidaita su magana ta ƙare. Ka san Yaya, shekara talatin yana riƙe da sitiyari, raba shi da mota tamkar raba shi da numfashi ne. Inna ta ce to, a gwada.

Ya ƙi zuwa garaj, wai a gida zai yi yadda Baba ke yi, ni ce kuma ya ɗauka karen mota, da tsufana! Ya cika iskar tayoyi, ya ɗora buhu biyu na shinkafa a baya, domin motar ɗan kasuwa ba ta tafiya wayam, in ka daidaita ta babu kaya, ranar lodi haske sama zai kalla. Ya kawo hancin motar dab da katangar maƙwabcinmu Alhaji Tidjani, inda ƙasa take shimfiɗe, ya sa na yi alama da alli daidai tsakiyar kowace fitila, sannan ya ja baya taku goma. Ƙa'idar ita ce ƙaramar wuta ta sauka ƙasa da alama kamar faɗin tafin hannu. Ya rufe fitila ɗaya da tsumma, ya kunna. Wallahi haske ya zauna cif inda ake so. Na faɗa masa, ya ce mai sayar da atamfa me ta sani a mota. Ya cire zoben bakin fitila, ya sa sukundireba yana ta ɗaga hasken, wai bai kai ba. Haka muka yi magariba biyu.

A ta uku sai ya ce in sake zana alamun, ruwan sama ya wanke su. Munzali, ba a yi ruwa ba. Suna nan fari tas, har ɗan yatsana na gani a jikinsu. Tausayinsa ya kama ni. Na ɗauki alli na bi kansu na ƙara kauri, na ce ga su. Ya ce ina? Sai ya tako da kansa har katangar, yana shafawa da hannu, sai da alli ya kama masa yatsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya koma ya mai da kowace ƙusa inda take tun farko, yana ƙirga juyin a fili, ya kashe wuta.

Washegari da safe ya ajiye makulli a gaban Inna. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce yana ce ta rufe idon dama, na hagu ma ta fara. Yaya ya ce in rubuta maka ka zo da Sallah ka ɗauki motar, ba ta sayarwa ba ce. Ya kuma ce in faɗa maka fitilun daidai suke, ba sa bukatar gyara.

Inna tana sa maka albarka. Matar Yaya, Mamata, da Hafsa suna gaishe ku. Ka gaida Labiba, ka shafa mini kan Ikram da Muktar. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Tabawa