Ana Yi Mini Jaje, Ni Kuwa Dariya Na Cina

Anti, ki taimake ni kafin dariya ta tona mini asiri.

Ina da injin niƙa a Gummi, da shi nake riƙe gidana tun rasuwar maigidana. Bara ƙanena Mujahid ya matsa mini sai na shiga takaful, wato inshorar Musulunci, har da sashen da ke biyan mutum abin da ya saba samu in sana'a ta tsaya. Na shiga ne kawai don ya ƙyale ni in sha iska. To, bana ruwa ya rushe bangon shagon, ya danne injin. Na yi kuka har muryata ta dushe. 'Yan unguwa suka cika gidana da jaje, mai kwanon gero, mai wake. Inna Iyatu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, ba ta da komai, amma kazarta ta kamo.

Sai ga masu takaful sun zo sun duba. Suka ɗauki gyaran inji, kuma duk wata suna turo mini abin da niƙa ke kawowa, da kuɗin haya, da albashin Makau mai tada injin. Anti, ina zaune, ba gari a gashin idona, kuɗi na shigowa! Ran da suka fara shiga na kulle ɗaki na taka rawa har na kifar da buta.

Matsalar ita ce ban faɗa wa kowa ba, kuma har yau ana kawo jaje. Da na ji sallama sai in ɓata fuska. Jiya Inna Iyatu ta ce na rame, alhali rigata ta fara matse ni. Kazar kuwa mun riga mun cinye. In faɗa, ko in yi shiru?

Mai Niƙa, Gummi

'Yar'uwa, barka da arziki, kin sa ni dariya.

Jajen farko halalinki ne. Lokacin da aka kawo shi bangon ya faɗi da gaske, kukanki ma na gaske ne. Mayar da kayan zai ɓata musu rai. Amma duk kwanon da kika karɓa bayan kuɗin sun fara shigowa, da fuskar ƙarya kika karɓe shi. Makau kuma yana karɓar albashi, kuma yana da baki. Gara su ji daga gare ki.

Ki rage rawar nan kaɗan. Kuɗin suna da ranar ƙarewa. Ki tambayi masu takaful wata nawa za su biya, ki tsaya kan masu gyara, haya da albashin Makau su zo kafin sabuwar atamfa.

Yau ki shiga wajen Inna Iyatu ki faɗa mata komai. Ran da inji ya tashi, ki niƙa wa duk wanda ya yi miki jaje kyauta. Ita kuwa ki kai mata kaza mai ƙwai, ki yi dariyarki a gabanta. Allah ya tada injin lafiya.