Gidana Mai Taya Shida

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, in ban da raina da aka ɓata.

Wasiƙarki ta iso. Rubutun naki ne, amma bakin na Manaja ne. Ni na haife shi, na san inda yake ajiye "don Allah" da inda yake ajiye "saboda lafiyarki". To bari in hutar da ke: abin da ya gaya miki gaskiya ne. Na sayi babbar motar soja. An yi gwanjon tsofaffin motocin da suka daina amfani da su, na je da ƙafata, na zauna cikin dillalan ƙarfe, na yi ta ɗaga hannu har aka bar mini ita. Da garatutina na saya, ban roƙi kowa ba.

Da kin gan ta da kin yi dariya. Tayarta ta kawo mini ƙirji, sai da tsani nake hawa. Cikinta warin dizal da tsofaffin takalma, bencinan baya duk sun sha wuƙar sojoji masu sassaƙa sunayen 'yan matansu. Amma injinta lafiyayye ne. Makanike ya kasa kunne ya saurara, ya ce ita za ta ga bayanmu duka.

Ɗaki zan yi a bayanta. Yanzu haka tana farfajiyar wani mai walda, tsohon ɗalibina. Ya cire tampol da bencina, yana tayar da bango na ƙarfe. Za a yi gado, da taga biyu masu raga, da tankin ruwa, da wurin murhun gas, da ɗan banɗaki, a ɗora sola a sama. An ce dole in sauya mata fenti kafin a ba ni takardu, na zaɓi ruwan madara.

Kin tambaye ni me na rasa. Ke ce mai tambayata haka? Tun rasuwar baban yara aka zuba 'yan haya a gidana, wai kada kaɗaici ya kama ni. Daga ranar ake yawo da ni tsakanin gidan Manaja da gidan Auta kamar keken ɗinkin aro. In an haihu a can, a kai ni can. In mai aiki ta gudu a nan, a dawo da ni nan. Ɗakin da nake kwana a gidan Manaja, nan injin wanki yake, in suna wanki sai in ɗage ƙafafuna. Ina zaune za ki ji suna tambayar juna, "Mama ta sha magani?" kamar ba ni da baki.

Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da labarin ƙasa, ina zana koguna da duwatsu da alli har yara suka raɗa mini Malama Taswira, amma ban taɓa sa ƙafa a ko ɗaya daga cikinsu ba. Kullum baban yara cewa yake in mun yi ritaya za mu je. Ya yi ritaya, ya kwanta, bai tashi ba. Ni ba zan jira kowa ba kuma.

Na shiga makarantar koyon tuƙin manyan motoci. Kin san na daɗe ina jan ƙaramar mota, amma kulocin wannan sai na tattara duk nauyina nake taka shi.

In Manaja ya sake kiranki, ki ce masa ya san ɗakina, yana kusa da kwandon wankinsa.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki,
Malama Taswira

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan kowa yana lafiya. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, a kan cinyata nake yi.

Na bar gidan Manaja.

Kwanakin baya na lura aikin motar ya tsaya cik. Kullum na je, mai walda ya ce babu wuta, ko ƙarfe bai iso ba, yana magana yana kallon ƙasa. Ni da na sha kama shi yana satar amsa a aji, na san wannan sunkuyon. Na zaunar da shi a kan durom, na ce ya dube ni. Nan ya faɗa mini cewa Manaja ya zo har wurinsa, ya roƙe shi ya riƙa jan ƙafa, wai in aka daɗe zan huce in manta. In huce! Kamar yarinyar da aka hana alewa.

Na haɗiye wannan. Sai ga Manaja ran Litinin ya shigo da fara'a, wai ya samo mini likita a duba hawan jinina. Na yi murna, na ce yaron nan yana kula da ni. Na sa kayana masu kyau.

Muka shiga ofishin likitan, ko hannuna bai taɓa ba. Ya tambaye ni wace rana ce yau. Ya tambaye ni wane wata muke. Ya faɗi kalmomi uku ya ce in riƙe su, zai tambaye ni an jima. Sannan ya miƙo mini takarda da biro ya ce in zana masa agogo. A nan na gane. Na waiwaya na dubi ɗana, yana bakin ƙofa yana danne-dannen waya.

Ƙanwata, kaina aka kai ni a duba. Yaron da na koya wa duba agogo da kwali da tsinke, shi ya kai ni a ga ko na iya zana agogo.

Na zana. Na sa lambobi, na sa hannuwa, na maimaita masa kalmominsa uku. Likitan ya yi ta murmushin kunya, ya ce wa Manaja, "Ai Hajiya ƙalau take." Na ce masa, "Na gode, likita. Ga shi nan, shi ma a duba shi, ya manta wacce ta haife shi."

Muka shiga mota. Manaja ya yi ta magana, wai don kare ni ne, wai in an tabbatar ba ni da cikakkiyar lafiya za a iya mayar da motar. Kin ji! Ashe har ya shirya yadda za a raba ni da ita da takardar likita. Muna isa gida na haɗa akwatina biyu. Surukata, baiwar Allah, ta riƙe mini hannu tana hawaye, ita ba ta san komai ba. Jikokina suka biyo ni har ƙofa. Wannan ne kawai ya so ya karya ni.

Yanzu a cikin motar nake kwana. Farfajiyar a jikin gidan mai walda take, matarsa na ba ni ruwa da wurin wanka. Taga ɗaya ba a sa mata gilashi ba, na toshe da kwali. Katifa a ƙasa take, gadon bai haɗu ba. Amma tun da na dawo, aiki yake kamar ana korarsa, don da ya ɗaga kai ni yake gani.

Auta ta kira tana kuka, ta rantse ba da ita aka ƙulla ba. Na yarda da ita. Ke fa? Kin sani? Ki amsa mini wannan kai tsaye, ban da kwana-kwana.

Allah ya bar zumunci, duk da haka.

Yayarki,
Malama Taswira

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali baki ɗaya. Amsarki ta zo kafin in tashi. Kin ce kin sani, amma kin ɗauka dubawa ce kawai. Na ji. Ban gama da ke ba, sai mun haɗu ido da ido.

Daga bakin wani kogi nake rubuto miki. Na samu lasisina, a karo na biyu. A na farko na yi ribas na take musu durom ya zama faifai, ba sai kin yaɗa ba.

Ranar tafiya, da safe bayan na duba mai da ruwa, sai ga Manaja ya zo ya gindaya motarsa a bakin ƙofar farfajiyar. Ya fito da kwat ɗinsa na banki. Maƙwabta suka fito kallo. Ya tsaya a ƙasa yana ɗaga kai, ya ce, "Mama, in wani abu ya same ki a hanya, me mutane za su ce a kaina?"

Na ce, "Au, kai ne abin zai sama?"

Na tayar da inji. Ban matsa ko taku ɗaya ba, na dai bar ta tana ruri, hayaƙi na bin kwat ɗinsa. Na ce masa ba zan taka motarsa ba, amma ina da gado da ruwa da abinci a nan, shi kuma yana da ofis. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya shiga ya janye.

Na ɗauka an rabu ke nan. Sai da na fita daga gari na hango shi a madubi, yana biye da ni. Na tsaya shan mai, ya tsaya nesa. Na ci gaba, ya ci gaba. Raina ya ƙara ɓaci, na ce wato rakiyar mahaukaciya ake yi mini. Da na bar kwalta na kama hanyar kogi, an yi ruwa, hanya duk taɓo. Tawa ta ratsa kamar ba komai. Na duba madubi, sai na ga tasa ta nutse har ƙofa, tayoyi na juyawa a banza.

Wallahi na yi niyyar wucewa. Na yi tafiya kaɗan ma. Sannan na taka birki, na juyo.

Akwai injin ja a gaban motata, mai igiyar ƙarfe da ƙugiya. Na sauko na miƙa masa ƙugiyar. Ya cire takalmi, ya durƙusa cikin laka da wandon ofis ya maƙala ta. Na fizgo shi waje.

Na ce ya hau ya wanke jikinsa. Bai taɓa shiga ba sai ranar. Ya buga kai a bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon labule, da kofuna a rataye, da hoton babansa da na kafa a saman gado. Na dafa shayi na ba shi. Ya zauna a gefen gadona da kofi a hannu, ya ce, "Mama, maganar likitan nan, ki yafe mini." Muryarsa ta koma ta yaro. Ya ce tun da aka binne babansa, in wayarsa ta yi ƙara gabansa faɗuwa yake, ya ɗauka ni ce.

Na ce masa na ji tsoronsa, amma tsoro bai ba shi izinin mayar da ni mara hankali ba. Na ce zan yafe, amma ba yau ba. Ya ce to. Ya roƙi in riƙa kiransa kullum, na ce zan kira in na ga dama. Na nuna masa inda ƙasa ta fi tauri, na ce ya juya tun rana ba ta yi ba.

Da na ja mota na dube shi a madubi. Yana tsaye a gefen hanya, takalmansa a hannu, wandonsa laka har gwiwa, yana ƙanƙancewa, bai ɗaga hannu ba, bai kuma shiga mota ba. Na daure har na sha kwana. Inda ba zai gan ni ba na tsaya, na kifa kai a sitiyari na yi kuka har na gode Allah. Sannan na share fuska na sa giya.

Kada ki gaya masa. In na ji wannan a bakinsa, na san inda ya fito.

Ki gaida maigidanki da yara.

Yayarki,
Malama Taswira