Waya Ta Ce Na Gaske Ne

Laraba, bayan isha'i, Kudan

Maganin ciyawar da na sayar wa Kawu Sule bai kashe ko tsinke ba, ciyawa ta cinye masararsa. Yau ya zo shago da jarkar, ya ce, "Habibu, ba kai ka haska lambar da ke jikin jarkar nan da waya ka ce na gaske ne ba?"

Ni ne. Na sake haskawa, waya ta sake cewa na gaske ne. Na buɗe, ashe ruwa ne aka sa wa kala.

Sai na tuna mutumin da ke zuwa sayen jarkokin da muka tsiyaye, yana roƙon kada a kankare lambar. Bara buhu guda na sayar masa, har da godiya.

Ƙarar wa zan kai? Kawu ko zagina bai yi ba. Ina ma ya zage ni.