Dutsen Ƙofar Majami'a

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Mama da ƙannena. Yaya ƙafar taka? Ni ma lafiya lau a Landan, karatun jinya yana tafiya.

Baba, hutun nan na haye zuwa ƙasar Holan a jirgin ruwa, na shiga wata tsohuwar majami'a. Na ɗaga kai ina kallon rufin har wuyana ya gaji. Dattijon da ke kula da ita ya ce ɗaruruwan shekaru ke nan ana sujada a ciki, gobara ta taɓa cinta, mutanen unguwa suka sake gyarawa. Ya nuna mini dutsen bakin ƙofa, ya lotsa saboda takawar masu shiga kawai. Ya ce, "'Yata, kakan kakana ma ya taka nan." Ni ma na tsaya a kai.

Na ji dattawa za su rushe majami'armu ta ginin ƙasa tunda siminti ya samu. Don Allah ka roƙe su a gina sabuwar a gefe. Har yanzu shatin yatsun Kaka yana jikin bangon nan tun ranar da aka yaɓe shi.

A sa ni a addu'a. A gaida Gwaggo Saratu.

'Yarka,
Rifkatu