Agogon da Gwaggo Fanna ta wanke da toka

Zuwa ga Alhaji, mai babban kantin agogo da rediyo na bakin kasuwa, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata. Ina kuma yi maka barka da haƙurin wannan shekara, Allah ya kawo mana ruwa mai albarka.

Alhaji, ni ne tsohon mushen lekol ɗin nan, wato malamin makaranta, na unguwar Birni da ya sa ka kawo masa agogon zinariya daga ƙasar Turawa. Na zo kantinka ba sau ɗaya ba, kullum a ce ka yi tafiya ko kana ciki da baƙi. Shi ya sa na rubuto ta jarida. Dama abin da ya kawo ni a bainar jama'a aka yi shi, to a bainar jama'a ya kamata a gyara.

Na farko, godiya zan yi, don kada ka ɗauka rigima na kawo. Agogon nan ya yi. Tun ina koyarwa nake tara masa, na kuma sa a kawo shi tun ana damina ta kirki, sai ga shi bai iso ba sai a shekarar da gero ya ƙone a gona. Ba ya gudu, ba ya jinkiri, ba ya buƙatar a murɗa shi, motsin hannu ya ishe shi. Ladanin unguwarmu ma yanzu hannuna yake leƙa kafin ya hau kiran salla. Na ji daɗinsa, kuma har gobe ina ji.

Na biyu, ga yadda aka yi ya karce. Da yunwa ta matsa a ƙauyenmu Gaffati, na je na ɗauko ƙanwar mahaifina, Gwaggo Fanna, tsohuwa ce da ba ta da kowa sai ni. Da ƙyar ta yarda ta biyo ni. Mace ce da ta saba ciyarwa, ba ta saba a ciyar da ita ba, kuma tunda ta zo kowace loma sai ta nemi aikin da za ta biya ta da shi. Matata ta hana ta daka, ta hana ta ɗiban ruwa, sai ta koma kan tasoshi da mundayen gidan. Da toka da ruwan tsamiya da ɗan rairayi take gurza su, yadda ake yi a gidanmu tun kakanni, har sai mutum ya ga fuskarsa a ciki.

Ni kuma ina da wata al'ada. Ranar da zan shiga layin rabon hatsin agaji ba na ɗaura agogon, don ina jin kunyar miƙa buhu da zinariya a hannu alhali na bayana awakinsa sun mutu. Wata safiya na bar shi a kan taga na fita. Da na dawo na tarar da shi a kan faifai, an lulluɓe shi da tsumma mai tsabta, Gwaggo tana zaune kusa tana jira in buɗe. Ta ce ta ga gumi ya dusar da shi, ta fitar mini da haskensa. Madubin fuskar agogon duk ya yi zane-zane, zinariyar gefe ta gurje. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma na dubi fuskarta, rabon da in ga ta yi fara'a haka tun muna Gaffati, sai na ce mata Allah ya yi albarka, ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba.

Na uku shi ne kukana. Na kawo agogon kantinka a ɓoye, in tambaya ko ana sauya madubi. Ban nemi a yi mini kyauta ba, ban kuma ce laifinku ne ba. Mutumin da ke tsaron teburin agogo ya tambayi abin da ya same shi, ni kuma na faɗa masa gaskiya a hankali. Sai ya ɗaga shi sama kamar mai tallan kifi, ya kira na sashen rediyo su zo su gani, yana dariya yana cewa 'yan gudun yunwa sun shigo gari za su kashe mana kaya, wannan agogo ya gama yawo, garanti ba ta san toka ba. Kantin cike yake da mutane, ciki har da maƙwabtana. Ka san Damagaram. Kafin la'asar maganar ta kai famfon unguwa inda mata ke layin ruwa, kafin magariba ta shigo gidana.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tattara zannuwanta ta ɗaure a ƙunshi, ta ajiye bayan ƙofa. Abin da ta ce mini kawai shi ne: "Gaji, na ci hatsinka na kuma kashe maka dukiya. Ka sa ni a mota in koma." Alhaji, ka san abin da ke Gaffati bana. Rumbunta babu ko zangarniya, maƙwabtanta sun watse, wasu Kano wasu Maraɗi. In ta koma, kabari na kai ta.

Na kara mata agogon a kunne ta ji yana bugawa. Ta ce ai ni ɗanta ne, ko ya mutu zan ce yana da rai. Liman ya yi mata magana, ta ce liman ba ya sayar da agogo. A wurinta masu kanti ne suka ce ya lalace, don haka masu kanti ne kawai za su ce bai lalace ba. Abincinta ya ragu, tasoshin ma ta daina taɓawa.

Saboda haka ga roƙona.

Maganar sauya madubi na janye ta. Na saba da zanen, ina ganin lokaci sarai ta cikinsa, kuma in aka kai shi Yamai gyara ya yi watanni ba ya hannuna, Gwaggo za ta tabbata ya mutu. Zan ɗaura shi haka har ƙarshen raina, ban kuwa yi asara ba.

Ma'aikacinka ba na so a kore shi, shekarar nan ba ta korar mutum daga aiki ba ce. A dai ja masa kunne. Waɗanda yake kira 'yan gudun yunwa su suka noma abin da ya girma da shi. Sannan duk wanda ya sayi irin wannan kaya a faɗa masa da Hausa yadda ake goge shi, don takardar da kuke bayarwa da Faransanci take, kuma ba mai karatun ne ke share ɗaki ba.

Babban roƙon shi ne wannan. Ka tako da ƙafarka zuwa gidana, ko bayan sallar Juma'a ne, kowa a Birni zai nuna maka. Ka gaishe da tsohuwar nan, ka karɓi agogon a gabanta, ka juya shi, ka kara a kunne yadda kuke yi, ka ce mata lafiyarsa lau. Ba ƙarya na ce ka yi ba, lafiyar tasa lau. In ka ga dama ka kawo mata ƙyalle mai laushi irin na kantinku, ka nuna mata yadda ake yi, don ina so aikin ya zama nata kowace safiya. Kana da uwa, ka san abin da nake nufi.

Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya tsare ka da iyalinka, ya sa kada ka taɓa cin abincin wani kana ƙirga loma. Allah ya shayar da ƙasarmu, ya mai da kowa gonarsa da mutuncinsa.

Ina sauraron sallamarka a zaure. Ƙunshin yana nan bayan ƙofa, ba ta kwance shi ba.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Mushe Gaji, Birni, Damagaram.